Jinga ko kafin alƙalami: wane kuɗin itatuwa ya dace da manomin Zazzau?

Bara, bayan an gama cire masara, wasu baƙi biyu suka zo ƙauyenmu da ke gabas da Zariya, ta hanyar Soba, ba nisa da Galma. Sun zo da jakar takardu da wata 'yar na'ura da suke ɗagawa a kowace kusurwar gona tana ba su lamba. Dagaci ya tara 'yan ƙungiyar manoma a zaure, da yake kuma ni ne magatakarda, ni aka miƙa wa takardar in karanta in fassara. Ga abin da ke ciki a gajarce: mu daina sare itatuwan gonakinmu da na kurmin bakin rafi, mu ƙara dasa wasu, su kuma su riƙa aunawa, duk iskar kabon da itatuwan suka riƙe a sayar wa kamfanonin ƙasashen waje a ba mu kasonmu. Tsawon shekara 30. Ba ko sisi a gaba.

A daidai wannan lokacin dai aka ce ana rubuta sunayen ƙungiyoyi don wani tallafin gyaran ƙasa: irin dashe, wayar shinge, wataƙila har da rijiya. Shi wannan tun farko ake bayarwa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya fi kowa ɗorawa a gona, ya yi shiru har na kai ƙarshe. Sannan ya dubi dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake so a fayyace mini. Wannan aikin jinga ne zalla, ko kuwa akwai kafin alƙalami?"

Tun ranar nake bin diddigin maganar, domin na san ba mu kaɗai ake kawo wa irin wannan takarda ba. Na kuma gane cewa tambayar Kawu ita ce tambayar da ƙasashe ke yi wa juna shekara 20 ke nan.

Asalin abin ba shi da wuyar fahimta. Busasshen itace kusan rabin nauyinsa kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska tana girma. In aka sare aka ƙone, ya koma sama ya ƙara wa duniya zafi. A 2005, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen Papuwa Niyu Gini da Kosta Rika suka ce: tunda duniya duka ke amfana in muka bar dazukanmu a tsaye, mu kuma muke asarar kuɗin katako da filin noma, a biya mu. Daga nan tsarin da ake kira REDD+ ya samo tushe. An kammala dokokinsa a Warsaw a 2013, ya kuma shiga Yarjejeniyar Paris ta 2015 a sashe na 5. Yadda ake yi, sai a duba shekarun baya a ga yawan dajin da ƙasa ta saba sarewa duk shekara, a ɗauki wannan a matsayin mizani. Sai a ci gaba da dubawa ta tauraron ɗan'adam. In saran ya ragu ƙasa da mizani, a lissafa bambancin da tan na iskar kabon, wani mai bincike daga waje ya tabbatar, sannan a biya. In bai ragu ba, babu komai. Jinga ke nan: ka gama noman, mai gona ya zaga ya gani, ya sallame ka.

Zan fara da alherin jinga, domin tana da shi, kuma ni ina ganin girmansa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san bambancin aikin yini da na jinga. Wasu shekaru da suka wuce an kawo mana dashe a bayan makarantar firamare, cikin baƙar leda, ana dab da ɗauke ruwa. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, kowa ya tona rami ya saka. Hunturu ya shigo, aka saki awaki, babu shinge, babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin bazara na bi layin da ƙafa, sai tsinke busasshe a kowane rami, ledar tana nan a gefe iska na kaɗa ta. 'Yan ƙalilan ne suka tsira, su ma don suna kusa da rijiyar masallaci. A takarda kuwa an dasa su duka, domin abin da aka ƙirga shi ne abin da aka raba. Biyan bayan aiki maganin wannan cuta ne. Ba ya tambayar nawa ka dasa, nawa ne ke tsaye yake tambaya.

An kuma gwada shi a kan talakawa irinmu an ga ya yi aiki. A yammacin Yuganda, gundumomin Hoima da Kibaale, masu bincike sun ɗauki ƙauyuka 121, suka ware 60 ta hanyar ƙuri'a, suka yi wa masu daji a cikinsu tayin shilin 70,000 a kowace hekta duk shekara, kimanin dala 28 a lokacin, in dai sun bar itatuwan. Bayan shekara biyu hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna inda aka yi tayin an rasa kashi 4.2 cikin ɗari na inuwar itatuwa, inda ba a yi ba an rasa kashi 9.1. An wallafa sakamakon a 2017. Ku riƙe abu biyu daga wannan gwaji, zan komo kansu: kuɗin duk shekara ake bayarwa, kuma hannun mai dajin yake shiga kai tsaye.

A matakin ƙasashe, Birazil ce abin misali. A 2004 an sare fiye da murabba'in kilomita 27,000 na dajin Amazon, a 2012 bai kai 5,000 ba. Norwe ta yi alkawarin dala biliyan 1 ta Asusun Amazon da aka kafa a 2008, tana biya gwargwadon raguwar. Sai dai wanda ya duba shekarun da kyau zai ga saran ya fara sauka tun kafin kuɗin ya zo. Birazil da kanta ta sa ido ta tauraron ɗan'adam, ta tura jami'ai daji, ta toshe bashin banki ga masu karya doka, 'yan kasuwar waken suya kuma suka daina sayen wanda aka noma a sabon sara tun 2006. Wato da ruwan ciki aka ja na rijiya. Wanda ke da ƙarfin yin aikin da aljihunsa shi ke kai wa ga ladan jinga. Da gwamnati ta canza a 2019 aka dakatar da asusun, saran ya koma sama, sai a 2023 aka sake buɗe shi.

To a nan ne jinga ta fara yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, kuma nauyin farko shi ne jira. Gana ta rage sara a yankin noman koko tsakanin Yuni da Disamba na 2019, tan 972,456. Bankin Duniya ya biya ta dala miliyan 4.8 a Janairun 2023. Gabon, wadda ita ce ta fara karɓar irin wannan kuɗi a Afirka, an ba ta dala miliyan 17 a 2021 kan aikin 2016 da 2017. Indunusiya ta ƙulla da Norwe a 2010 kan dala biliyan 1, ta jira har ta gaji ta soke yarjejeniyar a 2021, aka sake zama a 2022 kafin dala miliyan 56 ta shigo. Waɗannan gwamnatoci ne masu baitulmali. Manomin da ke neman kuɗin taki a watan Yuni ba zai iya ce wa mai shago ya jira shekara uku ba. Ba banza aka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ba.

Nauyi na biyu farashi ne, kuma a nan na fi so mai karatu ya ɗauki biro. Yawancin waɗannan biyan an yi su a kan dala 5 kowane tan. Haka Asusun Yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya biya a zagayen gwajinsa na dala miliyan 500 da ya buɗe a 2017, haka aka biya Mozambik dala miliyan 6.4 kan tan miliyan 1.28 a 2021. Gamayyar LEAF, ta gwamnatoci da kamfanoni masu biyan irin wannan kuɗi, da aka kafa a 2021 ta ɗaga mafi ƙarancin farashi zuwa dala 10. Yanzu ɗauki ƙirya guda wadda busasshen itacenta ya kai tan ɗaya. Kabon ɗin cikinta bai cika rabin tan ba, kowane tan na kabon kuma in ya ƙone yana zama tan 3.67 na iskar. Ya kama kimanin tan 1.7. A dala 5, kuɗin barin wannan ƙirya bai kai dala 9 ba. A dala 10, dala 17 ne. Sau ɗaya ake lissafa shi, ba duk shekara ba, kuma wannan kafin mai aunawa da mai tabbatarwa da dillali su cire nasu. Ita wannan ƙiryar in mai gawayi ya bunne ta a ramin gargajiya, zai kwashi kilo 150 zuwa 200 in ya iya wuta. Ka tsaya a Kwangila ko Ɗan Magaji ka tambayi kuɗin buhu yau, ka kwatanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, gas ya yi tsada, gidaje da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari sun koma gawayi, kuma mai gawayi a ranar yake karɓar kuɗinsa. Ba ina goyon bayan sara ba ne. Zuciyata na ƙuna duk lokacin da na ga mota ta fito daga daji an laɓta mata buhuna har sama. Ina dai faɗin abin da kuɗin kabon ke gasa da shi.

Na uku ya fi shafar mu kai tsaye: a ma'aunin masu biyan, yawancin itatuwanmu ba daji ba ne. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran wuri daji in ya wuce rabin hekta, itatuwansa na iya wuce mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma ba filin noma ba ne. Mu kuwa arzikin itatuwanmu a cikin gonaki yake, ɗorawa nan, kaɗanya can, tsamiya a kan iyaka, kuka a bayan gari, ga rimayen da unguwannin birni suka ci sunansu. Ko a manyan dazuka, hekta ɗaya ta dajin doka irin namu ba ta riƙe abin da hekta ɗaya ta kurmin Kudu ke riƙewa. Shi ya sa da Najeriya ta shiga REDD+ a Jihar Kuros Riba aka fara, daga baya aka ƙara Nasarawa da Ondo. Kuros Riba ta hana saran katako a 2008, zamanin Gwamna Liyel Imoke, da fatan kuɗin kabon. Abin da ya shigo kuɗin shiri ne, 'yan miliyoyin daloli na horo da aune-aune, mutanen ƙauyukan dajin kuma sun daɗe suna kukan an hana su abin da suka dogara da shi, ladan bai iso ba. Najeriya ba ta cikin ƙasashe 15 da suka ƙulla cinikin sakamako da asusun kabon na Bankin Duniya, kuma a ƙasashe 8 da suka cinye zagayen gwajin can na dala miliyan 500 babu ta Afirka ko ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce wa manomin Zazzau kuɗin da ake ba Birazil da Gana na nan tafe gare shi, bai faɗa masa daidai ba.

Takardar da aka kawo mana ma ba irin waccan ba ce, wannan kuwa shi ne abin da ya fi rikita mutane. Waccan tsakanin gwamnati da gwamnati ce. Tamu ta kasuwar sa-kai ce, inda kamfani ke shata wani yanki, ya yi lissafin kabon, ya mai da shi takardu, ya sayar wa kamfanonin jiragen sama ko na mai da ke son su ce sun goge hayaƙinsu. Akwai masu gaskiya a cikinta. Amma tana da wani rauni da ke cikin ginin kansa. A kasuwar Sabon Gari in za ka sayi dawa, kai da mai awo duk kuna kallon mudun. A cinikin kabon mudun na hannun mai sayarwa, abin da ake aunawa kuma shi ne saran da “da an yi” in ba don aikin ba, abin da ido bai taɓa gani ba. In aka kumbura wannan hasashe, takardun sayarwa sun yi yawa. A Janairun 2023 jaridar Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus suka fitar da bincike mai cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun kabon na dazukan da suka duba ba su tsaya kan raguwa ta gaske ba. Hukumar da ke tantance takardun ta musanta, amma kasuwar ta girgiza, farashi ya faɗi. Babban aikin Kariba na Zimbabuwe, wanda aka daɗe ana misali da shi, ya shiga rikicin ƙididdiga a shekarar. In masu saye suka ja baya, manomin da ya sa hannu yana nan ɗaure da alkawarinsa.

Sai kuma wani abu da ya tsaya mini a rai game da Kawu. Ɗorawarsa babu mai niyyar sare ta. Kowace shekara tana ba da kalwa, matan gida su yi daddawa, garin ɗorawar yara su sha, inuwarta a huta. Mai saye na gaskiya ba zai biya kuɗin itacen da dama ba za a sare ba. Ke nan wanda ya fi kowa riƙon amanar itatuwa shi ne zai fi kowa samun kaɗan, wanda ya saba sara shi ke da “raguwar” sayarwa. In kuma aka biya Kawu da yawa, to an rubuta cewa itatuwansa na cikin haɗarin da ba sa ciki. Ni ban so a ci kuɗi da sunan ƙauyenmu a kan maganar da ba haka take ba.

Ga kuma ƙasa. Shekara 30 ta fi ragowar rayuwar yawancin waɗanda ke zaune a zauren nan. Gonakinmu da yawa na gado ne da ba a raba ba, wasu aro ne, wasu jingina. Akwai gonar da ƙasar ta wani ce, ɗorawar ciki ta wani gida ce tun kakanni. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, mu haƙƙin amfani muke da shi, mafi yawanmu ba takarda. Wa zai sa hannu, a madadin wa? Ranar da aka zo rabon gado, ko gari ya matso aka fara yanka fulotai kamar yadda muke gani a kewayen Zariya ta ko'ina, magada za su tarar da alkawarin da ba su ɗauka ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Goggona kuma da na kai mata labarin tana tsinkar kaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗan nan, in an rufe kurmi, da me za mu hura wuta? Kuma kuɗin in ya zo, sunan wa za a kira?" Ba ni da amsa, takardar ma ba ta da ita. Mata ke tsinto itace da kaɗanya, Fulani ke sassaƙo ganyen maɗaci wa shanu da rani, babu ɗayansu a zauren. In an hana su nan, za su matsa gaba, saran ya koma dajin maƙwabta, iskar kuwa ba ta san iyakar ƙauye ba. Gobarar daji ma in ta tashi cikin hunturu, a jinga asarar ta mai aiki ce. Dazukan Birnin Gwari da na yammacin Giwa kuwa, inda itacen yake da yawa, wane ɗan ƙungiya ne zai shiga ya yi gadi ko ya ƙirga a halin tsaron da aka sha fama da shi?

Tallafin gaba bai buƙatar dogon bayani, mun san shi. Mafi girma a yanzu shi ne ACReSAL, bashin dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince wa Najeriya a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Kaduna na ciki. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa kuwa jihohi 11 na bakin hamada ya fi shafa, ba mu cikinsu. Kyawun irin wannan tallafi, kasadar na wuyan mai bayarwa. In dashe ya mutu ba a bin ka bashi, ba a ɗaure gonarka shekara 30, abin da aka kafa kamar shinge ko rijiya kuma ya zama naku. Aibinsa shi ne wanda na gani a bayan makaranta. Ga jerin sunaye da ke bin sanayya, ga kayan da ke zuwa bayan lokacinsu ya wuce, ga shirin da ke da ranar rufewa. Kuma bashi ne a kan Najeriya, 'ya'yanmu za su biya, don haka barin dashen ya mutu ba ƙaramin laifi ba ne.

Akwai hanya ta uku da babu wanda ya zo da mota ya tallata mana, ita ce kuma na fi yarda da ita. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna kiran ta sassaben zamani. Tun wajen 1983, bayan dashe ya yi ta mutuwa a Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa a raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ba leda, ba ban ruwa, domin saiwar ta riga ta kai ga danshi. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ta wannan hanya, yawanci ba tare da an biya kowa kuɗin kabon ba. Abin da ya riƙe manoman shi ne itacen ya zama nasu: rassan datsa sun zama makamashi, gawo na zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ga taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Mu nan ruwanmu ya kai milimita 1,000 a shekara, ya ninka na can, ga kalgo da marke da taura da doka da kaɗanya suna toho a kowace gona. Gaskiya ne tana da jinkiri, kaɗanya sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, kuma mai noman masara da tarakta ko garmar shanu zai ji itatuwan sun tsaya masa a hanya in bai jera su ba. Wanda ke son kuɗi da wuri sai ya haɗa da mangwaro mai aure ko kashu a gefen gona.

Wannan hanya ba ta rufe ƙofar kabon. A Humbo ta ƙasar Habasha, ƙungiyoyin ƙauye sun farfaɗo da tsaunuka kimanin hekta 2,700 da irin wannan datsa, suka samu ciyawa da itace, daga baya asusun Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin. Abin da ya sa nasu ya zauna, fili ne na gamayya mai faɗi, an ba su takardar haƙƙi a kansa, amfanin yau da kullum kuma ya riga kuɗin kabon zuwa. Kabon ɗin gyara ne a kan awo.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne? Mai gonar aro ko jingina, ko gadon da ba a raba ba, kada ya sa hannu a takardar shekara 30 ko da an karanta masa ita sau goma. Ya yi sassaben zamani da iznin mai ƙasa, su yi magana tun yanzu kan wa zai mallaki itacen. Ƙungiyar da ke da fili lalatacce, zaizaya ta cinye, babu kututture mai rai, ita ce ke buƙatar tallafin gaba, domin can sai an dasa, sai an yi shinge. Amma ta nemi dashen ya iso farkon damina, ta kuma raba kowane layi ga mutum da sunansa. Garin da ke da kurmi babba na gamayya, wanda kowa ya shaida ana cin sa da gatari shekara bayan shekara, iyakarsa sananniya ce, dagaci da mata da makiyaya duk sun yarda, shi kaɗai ne nake ganin jinga za ta iya yi wa rana. Ko shi ɗin, jinga gajera irin ta Yuganda: a biya duk shekara, bayan an fita rani, a kan itatuwa masu rai da mu da su za mu zaga mu ƙirga tare, da farashin da aka rubuta da naira ko dala, ba “kaso daga ribar da aka samu” ba, domin ribar su ke lissafa ta.

Kafin kowa ya dangwala yatsa, a kai takardar inda za a karanta ta da idon sani. Muna da sa'ar da wasu garuruwa ba su da ita: ga Cibiyar Binciken Aikin Gona da tashar binciken gandun daji a Samaru, ga malaman shari'a na Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo. A kuma tambayi baƙin ko Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa, wadda dokar 2021 ta kafa, ta san da aikinsu, ko ma'aikatar muhalli ta jiha ta sani, su nuna shaida a rubuce.

Mu dai abin da muka mayar wa namu baƙin ta bakin dagaci shi ne: a kawo takardar da Hausa, a rage wa'adin zuwa shekara 5 da za a iya sabuntawa, a ba da kafin alƙalami na shinge da gadi, a rubuta cewa gobara ba ta jawo tara kuma gona ba jingina ba ce, a bar mata su ci gaba da tsintar busasshen itace, a sa wakiliyarsu a cikin masu karɓar kuɗi. Suka ce za su kai wa manyansu. Sunan ƙungiya kuma mun rubuta shi a tallafin gyaran ƙasa, don kwarin da ke cin hanyar kasuwa.

Da lokacin sassabe ya zo na bi ta gonar Kawu da sassafe. Na same shi durƙushe gaban wani kututturen marke, ya bar rassa uku, yana ɗaura musu jan tsumma don kada 'yan ƙwadago su haɗa da su. Na ƙirga tsummokaran da ido ya kai, goma sha huɗu. Ya miƙo mini ragowar ƙyallen ya ce, "Ungo, ɗan ƙanwata, akwai kaɗanya biyu can wajen iyaka, ka ɗaura musu kafin yaran su iso."